Tafiya Ƙasar Katagum a Daminar Korona

Mutum na farko da aka tabbatar ya kamu da korona a jihar Bauchi shi ne gwamnan jihar, Sanata Bala Muhammad, ranar 24 ga Maris, 2020. An ɗauki samfurinsa, sakamako ya fito, gidajen rediyo suka sanar, likitoci suka tsaya a kansa, kafin tsakiyar Afrilu aka ce ya warke. Haka ya kamata a yi wa duk marar lafiya, kuma mun yi masa barka. Wata biyu bai cika ba, mijin goggona, wanda muke kira Baffa, ya rasu a Azare bayan ya sha fama da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Shi ba a gwada shi ba. Bai shiga lissafin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa kowane dare a lokacin ba, babu kuma takardar da ta faɗi abin da ya yi ajalinsa.

A waya muka yi ta'aziyya, domin an rufe garin. Goggo ta gama takaba ta koma ƙauyenmu na asali a ƙaramar hukumar Zaki, ni kuma ban samu na je na durƙusa a gabanta ba sai a watan Agusta na 2021, da muka yi hutun makaranta.

Sammako na yi. A cikin garin Bauchi a lokacin, ba ka shiga banki sai da takunkumi a fuska, mai gadi ya ɗora maka na'ura a goshi ya auna zafin jikinka, ya tsiyaya maka man wanke hannu. A tasha babu wannan zancen. Na ci masa da miya a tsaye, 'yan kamasho suka cusa mu a wata Sharon, kafaɗa na gugar kafaɗa, but kuma cike da buhunan taki. Takunkumi biyu ne a motar, nawa da na wata ɗaliba da ke gaba. Wani dattijo da ke gefena ya dube ni ya ce, "Malam, har yanzu ba ku gama da ita ba a birni?" Na ce, "Baba, ai ita ce ba ta gama da mu ba." Lokacin ne nau'in Delta ya shigo ƙasar, ana ta maganar zagaye na uku. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan cutar masu hawa jirgi ce. Mu da ko Kano sai mu shekara ba mu leƙa ba, ina za ta gan mu?"

Na sha jin 'yan boko suna kiran irin wannan magana jahilci, ni kuwa ban yarda ba. Dattijon abin da ya ji ya faɗa. Wanda aka fara samu da cutar a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ɗan Italiya ne da ya sauka a Legas. A Bauchi gwamna ne. A Abuja wanda aka fi jin sunansa shi ne shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Sunayen manya kawai ake ji a rediyo, domin manya ne ake iya gwadawa. A farkon annobar ɗakunan gwajin da ke duk faɗin ƙasar ba su wuce biyar ba, a Legas da Abuja da Edo da Osun, babu ko ɗaya a Arewa maso Gabas. Talaka idan ya mutu da ita, sai a ce zazzaɓi ne, ko hawan jini, ko a ce kwana ne ya ƙare. Rashin gwajin ne ya haifar da imanin cewa ba ta kama talaka, imanin kuma ya sa talaka bai kare kansa ba.

Da muka wuce shataletalen Awala muka miƙi hanyar Maiduguri, hira ta ɓarke. Direba ya ce shi abin da ba zai manta ba shi ne watannin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, har zuwa 1 ga Yuli, 2020. Motoci ba su daina wucewa ba, in ji shi, kuɗin mota ne ya ninka, domin a kowane shinge sai an ajiye na goro. Mai hali ya wuce, marar hali ya kwana a tasha ko ya bi daji a kan babur. Wani saurayi ɗan wajen Deba ya tuna mana da ranar da waɗanda aka killace a cibiyar Kwadon, a jihar Gombe, suka fito suka tare hanyar Gombe zuwa Biu a farkon watan Mayu na 2020, suna kokawa a kan rashin kulawa, mutanen gari kuma suka shiga cikinsu ba tare da wani tsoro ba. Ya ce tun daga ranar, ko wa ka yi wa maganar killacewa a ƙauyensu sai ya ce gara ya mutu a ɗakinsa.

Ni malamin makarantar gwamnati ne. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 albashina bai tsaya ba. Na sayi buhun shinkafa da na masara, na zauna a gida, 'ya'yana suna bitar karatu a waya. Maƙwabcina ɗan acaɓa ne, kuma a watan Afrilu na shekarar aka hana acaɓa a jihar. Abokaina masu koyarwa a makarantun kuɗi sun yi watanni babu ko sisi. Doka ɗaya aka karanta mana, amma ni hutu ta zame mini, su kuwa yunwa. Ban isa Soro ba sai da na tabbatar duk motar nan ni da ɗalibar ne kawai muka yi zaman gida na gaskiya.

A Darazo muka tsaya shan mai. Almajirai suka yanyame motar da robobinsu, ƙafafu duk taɓo. Irin waɗannan yaran ne gwamnonin Arewa suka yi shawarar mayarwa jihohinsu na asali a Afrilu da Mayu na 2020. Aka riƙa loda su a motoci, a cunkushe, ana sauke su a sansanoni, sai bayan sun isa aka gano wasunsu na ɗauke da cutar, kamar yadda aka gani a Kaduna da Jigawa. Yaron da ba shi da katifa, ba shi da sabulu, shi aka nuna da yatsa a matsayin mai yaɗa annoba. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, ga su nan sun dawo bakin gidan mai, babu abin da ya sauya a rayuwarsu.

A Kari muka saki hanyar Potiskum muka yi hagu zuwa Misau. Daga nan duwatsun Bauchi suke ɓacewa, ƙasa ta miƙe shimfiɗe, yashi ya yawaita, kuka da goriba suka karɓi fili. Gero ya fitar da kai, ko ina kore shar. Kafin azahar muka shiga Azare, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Bauchi.

Azare a takarda ƙarƙashin Bauchi take, amma a harkar kasuwa Kano take kallo. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, 'yan kasuwarta Kwari da Singa da Dawanau suke sarin kaya. Don haka da mace-mace suka yi yawa a Kano a watan Afrilu na 2020, ba a jima ba Azare ta ɗauka. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da aka bincika rasuwarsu a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. A Azare gwamna da bakinsa ya ce kimanin mutum 150 ne suka rasu cikin wata guda. Ranar 12 ga Mayu aka rufe ƙananan hukumomin Katagum, inda Azare take, da Giade da Zaki ruf na kwana 10, ana cikin azumi, ana shirin shiga goman ƙarshe, ga zafin bazara irin na ƙasar Katagum wanda sai wanda ya kwana a ciki ya san shi.

A gidan Baffa na sauka, wurin babban ɗansa, wanda ya gaji rumfarsa ta hatsi. Bayan la'asar ya shimfiɗa mana tabarma a zaure ya ba ni labarin da bai iya ba ni a waya ba. Ya ce zazzaɓi ne ya fara, aka kira yaron kemis ya yi masa alluran maleriya, jiki ya ɗan yi sauƙi har ya ce zai rama azumin da ya sha bayan Sallah. Sai tari ya biyo baya. A daren ƙarshe Baffa bai iya kwanciya ba. Jingina shi suka yi da bango, suka tokare masa baya da filo biyu, babu wuta, ɗaya na yi masa fifita da mafici, ɗaya na riƙe da fitilar waya. Ya ce, "Yaya, yana jan numfashi ƙashin wuyansa na lotsawa, leɓensa ya yi duhu. Kalmar shahada ma sai ya yanka ta gida uku kafin ya ƙarasa." Da ƙyar suka samu mai Keke da ya yarda ya fito cikin dokar kulle. A asibitin da suka je, ma'aikatan suna tsaye nesa, wasu ko safar hannu babu. Aka ce musu tukunyar iskar oksijin da ke akwai tana kan wani marar lafiya, su jira ko su gwada wani wuri. Suna cikin shawara Baffa ya yi musu alama da hannu a mayar da shi gida. Kafin kiran assalatu ya cika.

Ban ga laifin waɗannan ma'aikatan ba, shi ma ɗan nasa bai gani ba. Ma'aikatan lafiya da dama sun kamu a lokacin, suna da iyali, an tura su gaban cuta ba tare da kayan kariya ba. Abin da mai korona mai tsanani ya fi buƙata shi ne oksijin, ba wani magani mai tsada ba, kuma oksijin yana son injin da ke tace shi da wutar da ba ta ɗaukewa, ko motar da za ta riƙa kawo tukwane a cike ta kwashe waɗanda suka ƙare. Waɗannan abubuwa ba a samar da su cikin dare ɗaya. Azare ma ke nan, garin da ke da babbar cibiyar lafiya ta gwamnatin tarayya. Ko an ɗauki samfurin mutum a wancan lokacin, sai an yi tafiya da shi zuwa wata jihar, Vom ta Filato ko Abuja, a jira kwanaki. Sau da yawa sakamako na dawowa an riga an yi sadakar uku.

Da yamma muka je maƙabarta na yi masa addu'a. Wani tsoho cikin masu haƙa kabari ya raka mu, ya nuna mana layukan da aka cike a wancan azumin. Ya ce tun yana saurayi yake wannan aikin, bai taɓa ganin an jera dattawa haka ba: limamai, masu unguwanni, tsofaffin malaman makaranta, 'yan kasuwa. Da azumi a bakinsu suke haƙa, ƙasa ta bushe ƙamas, kafin su rufe wannan an shigo da wancan. Na tambaye shi ko an ba su takunkumi ko safar hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya tuna da mu?"

Sauran hirar daren ta abinci ce da ruwa. Kwana 10 babu kasuwa, a garin da yawancin magidanta sai sun fita da safe ake ɗora tukunya da yamma. Ɗan dako, mai faci, mai shayi, mai wankin hula, matar da ke tuyar ƙosai don buɗa-baki, duk aka ce su zauna. Rediyo na cewa a riƙa wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, alhali a unguwar jarka ake saya wurin 'yan garuwa, su ma 'yan garuwar dokar ta hau kansu. An yi shelar tallafin naira 20,000 ga waɗanda ke cikin rajistar marasa galihu ta ƙasa, amma ɗan Baffa ya ce a layinsu bai san wanda ya karɓa ba. Da watan Oktoba ya zo, mutane suka ga bidiyon rumbunan kayan tallafin korona da aka fasa a Jos da Yola da Jalingo, buhuna jibge har rufi, sai sauran yardar da ta rage ta tafi. Dokar kullen nan kamar riga ce da aka ɗinka da awon ma'aikacin birni, aka ce kowa ya saka. Ban ce kada a rufe gari idan annoba ta taso ba. Amma wanda zai rufe ƙofa a kan mutane, wajibi ne ya fara shigar musu da hatsi da ruwa.

Washegari na kama hanyar Zaki. Motar ta sauke ni a inda kwalta ta rabu da hanyarmu, na hau babur. A birni an hana acaɓa an kawo Keke, amma a nan babu Keken da zai iya yashi da taɓo, babur ne motar haya, shi ne kuma motar asibiti. Muka yi ta ratsa gonaki har muka iske ruwa ya shafe hanya. Kogin Jama'are, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Filato ya wuce ta garin Katagum kafin ya haɗu da na Haɗeja, idan ya cika da damina sai ya malale fadamu ya raba ƙauyuka da duniya. Aka ɗora babur a kwale-kwale, muka tsuguna a gefensa, wani yaro na kwalfe ruwa da ƙwarya har muka haye.

Goggo na zaune a ƙofar ɗaki tana tsinke zogale. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ɗago ta ce, "Babana, kai ne tafe cikin wannan ruwan?" Na durƙusa na ce, "Goggo, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baffa, ya sa Aljanna ce makoma." Ta ce, "Da godiya, Babana. Amin." Ta sa aka kawo mini fura, muka yi shiru na ɗan lokaci. Da ta buɗe baki, ba maganar asibiti ta yi ba. Ta ce abin da ke ci mata rai shi ne yadda aka kai shi. Mutumin da duk jana'izar unguwa da shi ake yi, ko da rana ta take, amma tasa sahu biyu ba su cika ba. 'Yan'uwansa na ƙauye ba su samu hanya ba, ba a yi zaman makoki ba, ita kuma ta fara takaba babu mace ɗaya ta danginta a kusa. Ta ce, "Sun ce ciwon zamani ne, wasu sun ce ba shi ba ne. Ni dai na ga numfashi ya gagare shi."

A ƙauyen babu mai maganar korona. Amai da gudawa ake magana. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya da ake da shi ya lalace tun kafin saukar ruwa, mutane suka koma rijiyoyi marasa murfi da kududdufi, ambaliya kuma ta kwaso ƙazantar bayan gari ta zuba a ciki. Na taka zuwa asibitin sha-ka-tafi da ke ƙauyen gaba, wanda ƙauyuka da yawa suka dogara da shi. Ɗaki biyu ne da baranda. Ma'aikaci ɗaya ne, jami'in lafiya na matakin farko, amma kowa likita yake ce masa, sai wata ungozoma da wani saurayi ɗan sa-kai. Gadaje sun cika, sauran marasa lafiya na kwance a tabarmi a gindin darbejiya, an ɗaure ledojin ƙarin ruwa a reshe da igiyar rama. Ɗan sa-kai na zagawa da buta yana zuba ruwan sinadarin kilorin a inda aka yi amai. A jikin bango ga babbar takardar faɗakarwa a kan korona, mai hoton mutum yana wanke hannu a bakin famfo, rana ta cinye launinta.

Ma'aikacin bai zauna ba muka yi magana, yana neman jijiya a hannun wata tsohuwa da ta shanye. Ya ce kwalara ba ta da wuyar magani: ruwan gishiri da sukari ga wanda ke iya sha, ƙarin ruwa ga wanda ya galabaita. Idan an samu wannan da wuri, cikin mutum ɗari da wuya a rasa ɗaya. Abin da ke kisa shi ne nisa da dare da ƙarewar kaya, domin tana iya zuƙe babban mutum cikin sa'o'i. A shekarar 2021 mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna tare da Jigawa da Kano. Duk waɗanda hukuma ta lissafa korona ta kashe a ƙasar, daga farko har ƙarshe, ba su kai 3,200 ba, duk da cewa wannan lissafin bai haɗa da irin su Baffa ba. Korona ta samu kwamitin shugaban ƙasa, da jawabi a talabijin kusan kullum, da gudunmawar biliyoyin naira daga attajirai. Kwalara ba ta samu ko kusa da haka ba, domin ba ta shiga gidan da ke da burtsatse da tankin ruwa a sama. Ko a cikin garin Bauchi haka abin yake: a shekarar ta kwantar da mutane da yawa a tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, inda masai da rijiya ke maƙwabtaka, ba a ji ta a GRA ba. Ba sai ka haye kogi za ka ga bambancin ba, kuɗin Keke ɗaya ya isa.

A kusurwar ɗakin akwai firji mai aiki da sola, na rigakafin yara. Na tambaye shi allurar korona. Ya ce shi an yi masa a hedikwatar ƙaramar hukuma, amma ba ta iso ƙauyukan ba tukuna. Ingila ta fara yi wa mutanenta tun 8 ga Disamba, 2020. Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, kashin farko da ta samu allurai ne kusan miliyan 4 na AstraZeneca, waɗanda suka sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, ta shirin raba allurar korona na duniya, COVAX, kuma kafin ƙarshen Yuli sun ƙare. Da farko ma cewa aka yi a yi rajista ta intanet, a ƙasar da a ƙauye irin namu sai ka hau tudu kake samun sabis. A farkon watan da na yi tafiyar ne Amurka ta aiko da miliyan 4 na Moderna, wadda ake ajiyewa a daskare, abin da firjin ƙauye ba zai iya ba. Wadda ta dace da irin wuraren nan ita ce Johnson & Johnson, mai allura ɗaya tak, amma kashin farko da ya iso a watan bai wuce 177,600 ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya, a watan Disamba, lokacin da aka zubar da allurai sama da miliyan ɗaya a juji a Abuja, domin ƙasashen da suka ba da su sun riƙe su har sai da wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Yadda Bauchi ke gaban ƙauyenmu a layi, haka Turai ke gaban Abuja.

Ni an yi mini tawa a wani asibiti da ƙafa nake zuwa daga gida, ban biya ko kwabo ba, kuma ina kira ga kowa ya yi. Na faɗi haka a majalisar ƙofar gidan mai unguwa bayan magariba. Wani magidanci ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Matata ta yi naƙuda kwana biyu, babu wanda ya zo. Maganin zazzaɓin ɗana da kuɗina nake saya. Me ya sa wannan allurar ce kaɗai kyauta, har ana roƙon mu?" Wani kuma ya tuno da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Na ce musu gaskiya ne an yi haka, kuma tambayarsu tana kan hanya. Na kuma tuna musu cewa ɗigon shan-innan da aka yi ta gudu, shi ne ya sa ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali, yanzu ba ka ganin sababbin guragu a cikin yaransu. Dattawa suka gyaɗa kai, domin sun san yadda abin yake a da.

Aikin shan-innan nan shi ne hujjata a kan hukuma. An shiga kowane gida a ƙauyen nan, da damina da rani, an rubuta lamba da alli a kowace ƙofa, an bi Fulani har ruga, an sa sarakuna da malamai a gaba. Ashe idan an so, hanyar ƙauyenmu ba ta gagara. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa shekara da shekaru tana yawo a wajen kashi 5. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci irin wanda na gani. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fitowa.

Ranar da zan taso, na ga yadda wannan aljihun yake. Wata yarinya 'yar shekara shida a maƙwabtan Goggo ta kwana tana amai da gudawa, duk abin da aka ɗura mata sai ya dawo. Da asuba aka kai ta sha-ka-tafi, ma'aikacin ya ce ledar ƙarin ruwa ta ƙarshe ya saka wa wani cikin dare, wanda ya aika ya karɓo wasu kuma ruwa ya tare shi. Ya ja fatar cikinta ya saki, ba ta koma ba. Ya ce wa uban, "Kada ka jira, ka fita da ita yanzu." Aka shimfiɗa ta a amalanken shanu, uwar na riƙe da kanta tana ɗiga mata ruwan gishiri da sukari da cokali, uban ya ɗauro akuya a baya. Na yi wa Goggo sallama a gurguje, ta ce, "Bi su, Babana, ka fi su sanin birni."

Daga amalanke muka koma kwale-kwale, daga kwale-kwale muka hau babura biyu, akuyar a gaban uban. A bakin kwalta ya sayar da ita ga wani mahauci a farashin da ko rabin na kasuwa bai kai ba, domin mahaucin ya ga yarinyar ya san babu lokacin ciniki. Mota ba ta cika da wuri ba, muka biya kuɗin kujerun da suka rage. Sai bayan azahar muka shiga Azare, idanun yarinyar sun faɗa, ta daina kuka. Likitoci masu neman ƙwarewa na yajin aiki a duk ƙasar tun 2 ga watan, amma a asibitin da muka je ma'aikatan jinya suka karɓe ta da hanzari, suka samu jijiya a ƙafa bayan ta hannu ta gagara. Aka miƙo wa uban takarda, ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini. Ledojin ruwa ne da allurai da safar hannu da auduga, duk a kemis na waje za a saya. Na je na sayo, muka zauna a baranda har ledar farko ta ƙare aka ɗaura ta biyu, ta buɗe ido ta nemi uwarta.

Na bar su a hannun ɗan Baffa na kama motar Bauchi. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce yarinyar ta tashi har ta sha kunu, amma kuɗin akuyar ya ƙare, uban ya aika gida a sayar da ta biyu.